Kalmar da Likitan Jirgi Ya Faɗa a Kan Fuskarki

Jidda, unguwar Balad
Watan Muharram, 1388

Zuwa ga Mastura, sanyin idona, iskar arewa da ke shigo mini ta tagar katako a ranar da teku ya hana gari numfashi. Furen fulli da aka tsinko da raɓarsa. Ruwan sama na farko a kan soraye, wanda manya da yara ke fitowa su tara hannu su taɓa. Matata, abokiyar shawarata, inuwata a garin da ba shi da bishiya. Amincin Allah ya sauka a kanki a birnin Manzo, ya lulluɓe ki ke da innarki Khala A'i, ya sauƙaƙa mata ciwon gwiwa, ya karɓi ziyararku.

Tun ranar da motar Abdulghani direba ta ɗauke ku zuwa Madina, gidan nan ya koma kamar kwale-kwalen da aka jawo tudu aka kife. Komai yana inda kika bar shi, amma babu abin da ke motsi. Tandar wainarki tana jingine da bango, ta yi sanyi. Tattabarun da kika saba wa tsaba suna sauka a soro, su karkata kai su dube ni, su tashi ba su ci ba. Su ma sun san hannun ba naki ba ne. Wayyo Mastura! Ashe haka ɗakin nan yake da faɗi? Ashe haka tsakanin azahar da la'asar yake da nisa? Wa ya koya wa matakalar gidan nan takunki, har nake jin sa alhali kina can bayan duwatsu da rairayi?

Na rubuta da ajami don ki karanta da idonki, kada wani ya shiga tsakanina da ke. Shiga tsakanin mutane shi ne sana'ata, na kuwa san abin da magana ke zubarwa a hanya idan ta bi ta bakin tafinta. Akwai kuma alkawarin da na yi miki bara a tashar jiragen ruwa, cewa wata rana zan fassara miki wata kalmar Turanci da ta gagare ni a gabanki. Kin sha tuna mini kina dariya, ina cewa sai na shirya. To, na shirya. Amma ki yi haƙuri da ni, ba zan iya isa gare ta ba sai na biyo ta inda muka faro.

Kin tuna masaukin alhazai na bakin teku, shekarar da na fara ganinki? Ni baƙo ne daga Sudan, ɗan Maiurno da ya yi makaranta a Bur Sudan, tafintan wani kamfanin jiragen ruwa. Ke kuwa haifaffiyar Jidda, jikar mahajjatan da suka zo da ƙafa ba su koma ba, kina zaune a inuwar katanga kina toya wa alhazai waina. Ranar nan wata tsohuwa ta ɓace wa ayarinta. Ba ta jin Larabci, ba ta jin Hausa, ba ta jin Turanci, sai kuka take tana ƙanƙame da ƙullin kayanta kamar za a ƙwace. Kika ajiye cokali, kika taso, kika durƙusa a gabanta, kika dube ta kawai. Na ga kafaɗun tsohuwar nan sun sauka, kamar yadda igiyar ruwa ke kwanciya idan ta wuce duwatsun murjani ta shigo lungu. Kika ɗago kika ce da ni, ba ki ko san sunana ba: "Ya Ustaz, jeka nemo mutanenta, ni zan riƙe ta." Na zaga rumfuna har na samo su. Da muka dawo, tana zaune kusa da tandarki tana cin waina, ta jingina ƙullin nan a ƙafarki. Mutanenta suka tafi da ita, ni kuwa aka bar ni a tsaye. Tun daga ranar na zama mutum mai tsananin son waina, har abokan aikina suka fara tambaya ko an hana cin abinci a gidan da nake haya ne.

Da na je wurin yayanki Hamad a rumfar tsirensa ta Sharafiyya, bai tambaye ni dangi ko sana'a ba. Ya juya nama a kan wuta ya daɗe, sannan ya ce: "Ƙanwata ta sha wuya, ya akhi. Mijinta na farko, Allah ya jiƙansa, ya yi shekaru a kwance. Ita ke juya shi, ita ke ba shi a baki, har ya cika. Ba na so ta ƙara ɗaukar kowa. Ina so a ɗauke ta." Na dafa ƙirji na ce zan ɗauke ki. Da ƙarfina na faɗa, da lafiyata, kamar mutumin da aka damƙa wa gobe a hannu. Aka sa rana bayan aikin hajji.

Sai ga safiyar nan, ana tsakiyar saukar alhazai. Na ɗebi ruwa zan kurkure baki a alwala, ruwan ya zubo ta gefen hagu ya jiƙa mini riga. Na sake, ya sake zubowa. Na je gaban madubi, na ga mutumin da ban sani ba. Ɓarin fuskata na hagu ya zube kamar rigar da aka rataye ta kafaɗa ɗaya: gira ta faɗo, ido ya ƙi rufuwa yana ta zubar da ruwa, baki ya karkace ya gudu dama. Mutanen garin nan suna ce wa ciwon abu wajh. Maƙwabta suka taru. Wannan ya ce iskar teku ce ta buge ni a kan gumi, wancan ya ce na bi ta inda ba a bi, tsofaffi suka ce maganinsa ɗaya, a ɗora mini ƙarfe mai zafi a bayan kunne.

Na ja rawanina na rufe rabin fuska na tafi aiki. A gindin matakalar jirgi na gane cewa ba fuska kaɗai na rasa ba. Duk harafin da ke neman leɓe ya mutu a bakina. Kyaftin ya sa ni maimaita magana har ya gaji ya kira wani. Alhazan da nake tarba da fara'a shekara da shekaru suka riƙa kau da kai, wasu na ji suna neman tsari a hankali. Manaja bai ci mutuncina ba, amma ya ce in koma ɗakin baya in riƙa fassara takardu, inda babu mai ganina sai fanka. Abin da ya fi ci mini rai duk da haka, Mastura, sunanki ne. Harafinsa na farko sai leɓe biyu sun haɗu, nawa kuwa sun rabu. Mutum ya wayi gari ba ya iya kiran wadda yake so! Wane irin maraici ne wannan, wanda ba a yi wa kowa ta'aziyyarsa?

Maganar Hamad ta dawo mini. Ban san ko ciwon zai tsaya a fuska ba, ko zai gangara hannu da ƙafa. Na ga kaina a kwance, na gan ki kina juya ni. Sai na aika masa cewa na sauwaƙe, alkawari ya tashi babu laifin kowa. An ce ya yi hawaye, amma ya karɓa, ban kuwa ga laifinsa ba. Na rufe tagogina na zauna.

Washegari da hantsi na ji taku biyu a matakala, ɗaya mai nauyi ana hawa ana hutawa, ɗaya kuwa kamar mai zuwa kashe gobara. Khala A'i ta zube a bakin ƙofa tana haki, ta ce: "Ni rakiya na zo, ba ruwana." Ke kuwa kika tsaya a tsakiyar ɗaki kika ce: "Yalla, ya Ustaz, cire rawanin nan. Ni ba a sallamata ta bakin Hamad."

Na cire. Ya hasken raina, kin san abin da nake yi a lokacin? Na zuba wa fuskarki idon da ya rage mini ina jiran ɗayan biyu, tsoro ko tausayi, ban san wanda zai fi kashe ni ba. Babu wanda ya zo. Kika matso kika duba ni a natse, kamar yadda kike duba ƙullu ko ya tashi. Sannan kika ce: "Idon nan ba ya rufuwa, ƙura za ta cinye shi. Wa ke wanke maka?" Na ce babu. Kika ce: "Khalas, an samu."

Na tattara sauran ƙarfina, da bakin nan nawa mai zubar da haruffa, na tuna miki shekarun da kika yi kina jinya. A nan ne kaɗai muryarki ta hau. Kika ce: "Wancan bawan Allah na yi jinyarsa don ina sonsa, ba don an ɗora mini ba. Kai da Hamad ku daina mai da shekarun nan hasara. Wallahi ba hasara ba ce." Khala A'i ta share ido da gefen mayafi tana cewa ƙura ce. Ina ƙura a ɗakin da aka rufe tagoginsa?

Ke ce kika hana a kawo ƙarfen nan sai likita ya gani. Ya zamana akwai jirgin alhazai daga Bombay a tasha, da wani tsohon likita a cikinsa da na sani tun shekarun baya, mai farin gashi da tabarau, wanda Turancinsa kamar daga tsofaffin littattafai ake karanto shi. Muka je mu uku da Hamad. Ya sa ni ɗaga gira, rufe ido, hura kumatu. Ɓarin dama ya yi biyayya, na hagu ya yi kamar ba da shi ake ba. Ya ce ciwon ba zai gangara jiki ba, jijiyar fuska ce ta kwanta. Tana iya farkawa duka, tana iya farkawa rabi, tana iya ƙin farkawa, babu wanda ya sani sai Allah. Ni ne tafinta a wurin, babu wani. Ban taɓa ɗaukar magana mai nauyin wannan daga wani harshe zuwa wani ba. Na juyo na faɗa miki ita duka, ban rage ko ɓawonta ba.

Hamad ya sunkuyar da kai. Ke kuwa fuskarki ta tsaya kamar kogin Nilu a Maiurno bayan wucewar damina, cike, a kwance, amma kowa ya san akwai tafiya a ƙarƙashinsa. Ba ki yi murmushin ƙarya ba, ba ki ɓata rai ba. Na ga labarin ya shiga idonki, ya sami wuri ya zauna, bai fasa komai ba. Kika ce in tambaye shi me za a riƙa yi da safe, me za a yi da yamma.

Tsohon nan ya cire tabarau ya goge. Ya ce da ni ya faɗi irin wannan labari ga iyalai a tashoshi da yawa, kuma ya saba kallon fuskar mai sauraro fiye da ta majiyyaci, don a can yake gane yadda jinya za ta kasance. Sannan ya ce countenance ɗin matar nan ta kwantar masa da hankali a kaina.

Kika ce: "Esh gal? Me ya ce?" Na san kalmar, amma ban sami ƙwaryar da zan zuba ta ba. Sai na maimaita miki ita kawai da karkataccen bakina, kika haɗa gira kika ce: "Kantin Anas? Wane Anas kuma? A can ake sayar da maganin?" Hamad ya fashe da dariya har ya riƙe bango. Ni ma na yi, da rabin fuska, dariyar farko tun safiyar alwalar nan. Likita bai san me aka ce ba, shi ma ya taya mu.

To ga ta yau, ya furen zuciyata, na kawo miki ita gwargwadon iyawata.

Turawa suna da kalmarsu ta yau da kullum ta fuska, wadda ake wankewa, ake yi wa aski, ake shafa wa mai. Wannan ba ita ba ce. Ba za ki ji ta a bakin ma'aikatan jirgi ba, ko a kasuwa. Kalma ce mai babbar riga, tana zaune a littattafai, da gaban alƙali, da bakin dattawa irin likitan nan. Da mutum zai ce ya tashi da safe ya wanke countenance ɗinsa, da an yi masa dariya, kamar wanda ya sa alkyabba zai tafi ɗiban ruwa. Ba fata take nufi ba, ba hanci ko kumatu ba. Tana nufin abin da zuciya ke shimfiɗawa a kan fuska, wanda mai kallo ke karantawa kafin a ce uffan. Shi ya sa ba ta cika tafiya ita kaɗai ba, sai an ce mai natsuwa ce, ko mai baƙin ciki, ko mai tsanani. Idan mummunan labari ya sami mutum, sukan ce tasa ta faɗi. Idan ya daure bai bari an ga girgizarsa ba, su ce ya riƙe ta.

Na yi watanni ina neman 'yar'uwarta a Hausa. Na ɗauko annuri, na ga haske ne kawai, ita kuwa tana iya zama duhu. Na ɗauko fara'a, na ga ta yi mata kaɗan, don ranar nan ba fara'a kika yi ba. Na ɗauko kwarjini, na ga yana sa mutum ya ja baya, taki kuwa jawo mutum take. Na leƙa Larabcin da kike mafarki da shi, na sami muhayya, wato fuska da abin da ke bayyana a kanta, ta matso kusa ƙwarai, har na ce ko ita ce. Amma na tuna abin da likitan ya gaya mini bara, da na koma wurinsa kafin jirginsu ya tashi, sai na ajiye ta ita ma. Ya ce asalin kalmar daga wata tsohuwar kalma ce mai ma'anar riƙewa, mutum ya riƙe kansa, ya tattara abin da ke cikinsa kada ya zube. Na ce Allahu akbar! Ashe tulu ce! Ashe fuska tulu ce da ke riƙe da ruwan zuciya! Tawa ta tsage a lokacin tana yoyo, taki kuwa ta riƙe naki ruwan ta riƙe nawa.

Daga baya Khala A'i ta tona miki asiri, ki yafe mata. Ta ce ranar da muka dawo daga jirgin, kin shiga ɗakin girki kin rufe ƙofa kin yi kuka har muryarki ta dishe. Kada ki ji kunya, sanyin idona. Wannan labari ne ya ƙarasa mini fassarar. Da dutse ce ke, da babu abin godiya. Ashe kina jin duk abin da nake ji, kika riƙe shi har kika kai shi inda ba zai faɗo a kaina ba. Da me ake saka wa irin wannan? Wane lu'ulu'u ne a ƙarƙashin Bahar Maliya da zai kai nauyin wannan sa'ar?

Kalmar tana da wata ƙofa ta biyu, kuma ita na fara sani tun ina saurayi a ofis. Ana yin aiki da ita. Manya idan za su hana abu sukan ce ba za su yi countenance ɗinsa ba, wato ba za su lamunta ba, ba za su goyi bayansa ba. Kullum a wurin hani nake jin ta, har na ɗauka kalma ce mai sanda a hannu. Ban lura ba sai bara cewa mu ma haka muke faɗa: an ba shi fuska, ko bai ga fuska ba. Wanda aka ba fuska an yarda da shi ke nan, an tsaya masa a gaban mutane. Ke kin ba ni fuska, Mastura, a lokacin da ba ni da tawa.

Kin tuna na roƙa a ɗaga ɗaurin aure har in warke? Kika aiko Khala A'i ta ce ranar da aka sa ita ce ranar, wanda bai iya kallon ango ba ya kalli shinkafa. Hamad ya zo da kansa ya naɗa mini rawani, ya ɗaure shi a ka kawai, bai bar jelar da zan ja in rufe kumatu ba. Ya ce: "Ta fi ni gaskiya, ya akhi. Yalla." Bayan biki kika riƙa aike ni kasuwar Suk Alawi da rana tsaka, sayen abin da na san akwai shi a gida, don kawai in saba da idon mutane. Na gane dabararki, na yi kamar ban gane ba.

Sai watannin jinya. Ina zan fara? Tsumma mai ɗumi a kumatu bayan sallar asuba, yatsunki da man zaitun suna tura fatar nan sama kamar mai lallashin yaro ya tashi. Ƙullen ido idan zan kwanta. Lubban da kike sa ni tauna ta ɓarin hagu har muƙamuƙina ya gaji. Kunun da kike kawo mini da zafinsa da gangan, ki ce ba za ki fifita ba, in hura da kaina. Na hura, iska ta tsere ta gefe, ki ce: "Kaman marra, sake." Ranar da na fara iya yin fito, wani siririn sauti kamar na ɗan tsako, kika yi guɗa har maƙwabta suka leƙo suna tambaya ko haihuwa aka yi. Ba ki taɓa ce mini zan warke ba. Ba ki taɓa ce mini ba zan warke ba. Kullum abin da ke gabanmu kike nuna mini, ni kuma in dubi fuskarki in ga ranar za ta wuce lafiya. Ya rumman na Ɗa'if, ya ruwan tulu a tsakiyar zafi, wace uwa ce ta haife ki, in je kabarinta in yi mata addu'a?

Yanzu ga labarin da ya sa na ce na shirya. Jirgin Bombay ya dawo kwasar alhazan ƙarshe, tsohon likitan yana ciki. Ya ce wannan ce tafiyarsa ta ƙarshe, zai ajiye aiki ya zauna da jikoki. Abin da ya fara tambaya ke ce. Sannan ya sake sa ni ɗaga gira, rufe ido, hura kumatu. Ido yana rufuwa, leɓe suna haɗuwa, magana ta dawo sai ɗan nauyi idan na gaji. Duk wannan kin sani. Abin da ba ki sani ba shi ne hukuncinsa. Ya ce abin da ya dawo ya dawo, wanda bai dawo ba har yanzu kada in zauna jiransa. Goshina na hagu ba zai ƙara motsi ba. Murmushina zai riƙa hawa ta dama ya bar hagu a baya, har ƙarshen rayuwata.

Na sauko daga jirgin ina jiran baƙin ciki ya tare ni a hanya. Na wuce rumfunan kwastan, bai zo ba. Na shiga Balad, na bi ta lungun masu turare, na gaisa da mai burodi, na tsaya aka yi mini ciniki a kan wani yadi mai ruwan teku da na ga zai dace da ke, bai zo ba. Da na iso gindin matakalarmu na gane ba zai zo ba, don wurin da zai zauna an riga an cika shi. Sai na juya, ban ko hau ba, na koma ofis na ce wa manaja ina so in koma bakin jirgi. Ya dube ni, ya sa na karanta masa sanarwar tashin jirgi da ƙarfi da harsuna uku. Da na gama ya ce in fito gobe. Gobe zan tsaya a gindin matakala in yi wa alhazai sallama da wannan fuskar, wanda ya ga dama ya kalla.

Na san abin da ya kai ki Madina, ko da ba ki faɗa ba. Na san abin da kike roƙo idan kin sami wuri a Rauda kin ɗaga hannu. Ba zan hana ki ba, ba a gajiya da roƙon Allah. Amma ina roƙonki, ya abar ƙaunata, ki fara da godiya, ki daɗe a cikinta. Ki gode masa a madadina da ya bar mini ido, ya mayar mini da harshe, ya kuma sa ciwon nan ya zo kafin aure ba bayansa ba, don in san tun daga bakin ƙofa wace ce aka ba ni. Mutane nawa ne suke tsufa da matansu ba su taɓa sanin abin da na sani ba?

Sannan ki dawo. Ki dawo, Mastura! Kada Khala A'i ta ja ki da cewa a ƙara Juma'a ɗaya. Na yi wa Hamad alkawarin zan ɗauke ki, ya zamana ke kika fara ɗaukata. Yanzu layi ya zo kaina, ina so in fara tun ƙafafuna suna da ƙarfi. Ranar da kika gaji, ni zan hura wuta. Ranar da kika ji kuka, kada ki ƙara rufe ƙofar ɗakin girki. Ki zo ki yi shi a kafaɗata, na koyi riƙewa a wurin gwana.

Da zan fito daga jirgin ranar nan, likitan ya yi mini wani albishir yana dariya. Ya ce ɓarin da ba ya motsi ba ya yin tamoji. Don haka ki shirya: shekaru za su zo su rubuta abin da za su rubuta a damata, su bar haguna sumul kamar na saurayi. Za ki zauna da tsoho da saurayi a kan tabarma ɗaya, su biyun suna kallonki, su biyun ba su da wata sai ke. Rabin da zai tsufa naki ne. Rabin da ya ƙi tsufa ma naki ne.

Ni ne mijinki, mai riƙe da amanarki muddin teku yana taɓa gaɓar Jidda, da bayan ya daina,

Yahya